Ciyawar Roba a Tsakar Gida: Sharhi Kan Wurin Wasan Ƙananan Yara a Birnin Zariya

A 'yan shekarun nan wata koriyar shimfiɗa ta zama ruwan dare a garuruwanmu. An fara ganinta a filayen ƙwallo, sai ta shiga ɗakunan taro da wuraren ɗaukar hoton biki, daga nan ta bazu a harabar makarantun nazare da ƙofar shaguna. 'Yan kasuwa suna ce mata giras kafet, sauran jama'a kuma ciyawar roba. Yanzu ta fara ƙetare zaure. Magidancin da ya gan ta a Sabon Gari ko Samaru, ya dawo gida Kwarbai ko Ƙaura ya iske ɗansa mai rarrafe yana damƙar ƙasa yana kaiwa baki, dole ransa ya raya masa cewa ga maganin abin nan. Ba ta son ban ruwa, ba ta son yanka, ba ta yin taɓo, kuma kore shar take rani da damina.

Wannan tunanin iyaye ne masu ƙaunar 'ya'yansu, kuma damuwar da ta haife shi gaskiya ce. Sai dai kafin a kira mai awo ya zo da tef, ya kamata a auna abubuwa uku: mece ce wannan shimfiɗa, wane irin wuri ne tsakar gida a cikin ganuwar Zazzau, kuma me yaro ɗan wata takwas zuwa shekara uku yake bukata daga ƙasan da yake takawa.

Asalinta da yadda ake haɗa ta

Tun farko domin yara aka ƙirƙiro ta. A ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960 wata cibiya da Gidauniyar Ford ke ɗaukar nauyinta a Amurka ta damu da cewa yaran manyan birane ba su da filin motsa jiki kamar takwarorinsu na karkara. Kamfanin Monsanto ya ƙera wata shimfiɗa ta zaren nailan, aka fara gwada ta a makarantar Moses Brown da ke birnin Providence a 1964. Sunanta ya fito duniya ne a 1966, lokacin da aka shimfiɗa ta a rufaffen filin wasa na Astrodome a Houston, bayan ciyawar gaske ta mutu saboda rashin hasken rana. Daga nan sunan AstroTurf ya samo asali.

Wadda ake sayarwa yau tana da hawa biyu ko uku. A sama akwai siraran ganyayen roba, irin dangin robar da ake yin leda da buhun siminti da ita, waɗanda aka rina kore. An ɗinka su a jikin wani ƙyalle na roba, aka shafe bayansa da danƙo domin kada su zare, sannan aka huhhuda shi domin ruwa ya wuce. A filayen ƙwallo ana zuba yashi da niƙaƙƙiyar tsohuwar taya a tsakanin ganyayen domin su tsaya kuma su yi laushi. Ta gida da ta ado yawanci ba ta da wannan cikon. Ana yanko ta daga naɗi, a sayar bisa murabba'in mita, a shimfiɗa a kan siminti da gam ko a kan daɓaɓɓen yashi da ƙusa. Duk wanda zai saya ya riƙe wannan a ransa: kafet ne na roba, daga man fetur aka yi shi, kuma halin roba zai nuna a rana, a ruwa da kuma kusa da wuta.

Tsakar gida ba lambu ba ce

Inda aka fi amfani da ita a Turai da Amurka, ana shimfiɗa ta ne a ɗan lambun da ke jikin gida, wurin da ba a aikin komai sai hutu. Gidan birnin Zariya wani tsari ne daban. Daga zaure sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan a faɗa tsakar gida inda ɗakuna suka kewaye fili. A wannan fili ake girki da daka da wanki da wanke-wanke da shanya. A nan rijiya take, a nan ake ɗaure ragon suna da na layya, a nan kaji ke kiwo, a nan mata ke suyar ƙosai ko ƙuli-ƙulin sayarwa, a nan ake shimfiɗa tabarmi ranar biki da ranar rasuwa. Da bazara ma a nan ake kwana.

Masanin gine-gine Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya yi nazarin gidajen birnin Zariya ya wallafa littafi a kansu a 1982, ya nuna yadda siffar gida ke canzawa tare da iyalin da ke cikinsa: a yi aure a ƙara ɗaki, a yi rasuwa a raba gado a ja katanga. Wanda ya san Limancin Kona ko Unguwar Juma ya san inda wannan ya kai mu. Filin da kakanni suka bari ya zama ɗakuna, ginin ƙasa ya koma bulo da kwano, itatuwan da ke ba da inuwa an sare da yawansu, kuma lungunan da yara ke wasa a da sun cika da babura. Yaron da bai isa fita ƙofar gida ba, duniyarsa gaba ɗaya ita ce wannan guntun fili da ya rage. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2019 ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a kowace rana, kuma kada a riƙe shi wuri guda, ko da a goye ne, fiye da awa guda a jere. Awa uku kenan a ƙasa kullum, don haka irin ƙasan ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da iyaye ke gudu

Masu neman ciyawar roba ƙazanta suke gudu, kuma suna da hujja. Yaro mai rarrafe da hannu yake tafiya, da baki yake bincike. A gidan da kaji da awaki ke yawo, kashinsu yana gauraya da ƙasa, kuma ta nan tsutsar ciki da ƙwayoyin gudawa ke shiga. Yawan kamuwa da su yana raunana hanji har abincin da yaro ya ci ya kasa amfanar jikinsa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Rashin isasshen abinci ne babban dalili, amma ƙazantar muhalli tana da nata kason.

An kuma gwada a wasu ƙasashe an ga cewa gyaran ƙasan gida yana aiki. A jihar Kowahuwila ta Meziko gwamnati ta fara wani shiri a 2000 na maye turɓayar ɗakuna da siminti. Nazarin da aka wallafa a 2009 ya gano cewa inda aka yi cikakken sauyin, tsutsar ciki a ƙananan yara ta ragu da kashi 78 cikin ɗari, gudawa da kashi 49. Sirrin simintin shi ne yana sharuwa, yana wankuwa, yana bushewa, kuma ƙazanta ba ta ɓuya a kansa. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin siminti ya zo. Shi ya sa suke gayyar daɓe, su zuba marmara, su yayyafa ruwan makuba, su bi da madaɓi har ƙasa ta yi sumul.

Akwai kuma darasi daga Zimbabuwe. A wani babban gwaji mai suna SHINE, wanda sakamakonsa ya fito a 2019, an ba iyalai masai da wurin wanke hannu da sabulu da maganin tsaftace ruwa, har da shimfiɗar wasa da ɗan keji na roba domin raba jariri da ƙasa. Duk da haka waɗannan matakan ba su rage tsumburewar yara ba. Ma'anar ita ce shimfiɗa guda ba ta isa ta kare yaro idan gidan da ke kewaye da ita bai canza ba. Ciyawar roba kuwa ta gaza siminti ta wannan fuska, domin ƙazantar da ido zai gani a kan daɓe, a cikin ganyayenta takan nutse.

Zafi

Wannan ne babban aibinta a garinmu. Ciyawar gaske tana fitar da ruwa ta ganyenta, shi ke sanyaya ta. Roba ba ta da wannan, zafin rana take sha ta riƙe. A 2002 masu bincike a Jami'ar Brigham Young da ke Amurka sun auna filin ƙwallonsu na roba, suka samu samansa ya kai digiri 93 a ma'aunin Selshiyas a ranar da zafin iska yake digiri 37. Da suka jiƙa filin wata rana, zafin ya sauko daga kusan 79 zuwa 29, amma cikin minti 20 ya koma sama da 70. Filin nasu yana da cikon baƙar taya, wanda ke ƙara zafi, don haka ta gida ba lalle ta kai haka ba. Amma ba sai ta kai ba kafin ta yi ɓarna, domin abin da ya kai digiri 60 yana iya ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu.

A Zariya zafin rana a watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 35. Tafin ƙafar yaro da gwiwarsa ba su yi kaurin na babba ba. Babba in ya taka abu mai zafi zai yi tsalle ya koma inuwa. Ɗan wata goma sai dai ya tsaya a wurin yana tsala ihu, in ya faɗi kuma ya dafa da hannu. Siminti da intaloki ma suna zafi, amma kowace uwa ta san haka, ba ta ajiye yaro a kansu da tsakar rana. Haɗarin ciyawar roba shi ne launinta yana yi wa ido alƙawarin sanyi, kyan ɗan maciji ke nan. Magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, sun gina da ƙasa mai kauri da ke hana zafi shiga. Mu da muka riga muka koma kwano da bulo bai kamata mu ƙara wa tsakar gida wani abin tara zafi ba.

Fitsari, ruwa da tsarki

Yaron da ba a yaye ba zai yi fitsari inda yake, zai yi tumbuɗi, zai zubar da kunu, wata rana zai yi kashi. A kan siminti buta guda da tsintsiya sun wadatar. A kan ciyawar roba fitsarin yana bi ta hudojin ya kwanta tsakaninta da simintin, inda iska ba ta kaiwa. Idan rana ta buga sai zarni ya taso. Masu ƙera ta suna ba da shawarar a riƙa wanke ta da tiyo, a riƙa taje ta da burushi mai ƙarfi. Wannan shawara ce ga mai famfon da ke zuba kullum. Mutumin birnin Zariya ya daɗe yana fama da matsalar ruwa, gidaje da yawa rijiya da 'yan garuwa suka dogara da su, kuma da rani rijiyoyin ma ja baya suke yi. Shimfiɗar da aka saya domin ba ta son ban ruwa sai ta zo tana cin jarkoki a wanki.

Akwai kuma batun tsarki, wanda a garin malamai irin Zazzau ba a ɗaukarsa da wasa. A mazhabar Malikiyya da muke bi fitsarin yaro najasa ne, namiji ko mace. Mata suna salla a tsakar gida, suna alwala a nan, suna tafiya da jiƙaƙƙiyar ƙafa daga bakin rijiya zuwa ɗaki. Shimfiɗar da aka manne da gam, wadda ba a iya ɗagawa a wanke ƙarƙashinta, takan jefa gida cikin kokwanto a kullum.

Yanayin shekara ma yana da nasa. Da hunturu ƙurar da ke sauka a kan siminti tsintsiya ke kwashe ta, a cikin ganyen roba kuwa taruwa take yi, yaro ya zauna ya tayar da ita daidai hancinsa. Da damina, Zariya tana samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, ga kuma abin da indararo ke kwararowa cikin tsakar gida. Idan daɓen ba shi da gangara zuwa rariya, danshi zai zauna a ƙarƙashi, ya jawo gansakuka da kiyashi da kyankyasai, gefen da ya ɗago kuma ya zama maɓoyar kunama.

Sinadaran da ke cikinta

A 2008 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan an gano dalma a ƙurar wasu tsofaffin filayen nailan a jihar Niyu Jasi. Daga rinin da ake sa wa zaren dalmar ta fito. Manyan kamfanoni sun daina amfani da irin wannan rini daga baya, amma naɗin da ya iso kasuwa ba tambari ba takardar gwaji, mai saye ba shi da hanyar tantance shi. Mu a Arewa mun san abin da dalma ke yi wa yara. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar da za a iya samu a kafet ba ta kusa da wancan yawan, amma likitoci sun tabbatar cewa babu wani adadinta da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro.

A 2019 wasu ƙungiyoyin kare muhalli a Amurka sun gano sinadaran da ake kira PFAS a samfuran ciyawar roba, sinadaran da ba sa ruɓewa a ƙasa ko a jiki. A 2022 birnin Boston ya dakatar da shimfiɗa sabuwa a wuraren shaƙatawarsa. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da za ta hana sayar da cikon niƙaƙƙiyar roba daga 2031, saboda ɓarɓashinsa na bin ruwa ya gurɓata ƙasa da koguna. Masana suna ci gaba da muhawara kan girman haɗarin ga 'yan wasa manya. Amma ɗan ƙwallo takalmi gare shi kuma awa biyu yake yi ya tafi, yaro kuwa tsirara yake birgima, yana tsinkar ganyen yana taunawa. Saboda haka duk wanda zai saya wa yaro, kada ya yarda da mai cikon taya, kada kuma ya sayi tsohuwar da aka ɓanɓaro daga filin ƙwallo komai arharta.

Faɗuwa, wuta da ƙarshenta

Mutane da yawa suna zaton laushinta zai kare kan yaro. Siririyar ciyawa a kan siminti tana hana ƙujewar gwiwa, amma ba ta tare buguwar kai. A wuraren wasan da aka tsara bisa ƙa'ida, soso na musamman ake sawa a ƙarƙashi. Wanda zai kafa lilo ko abin sulu a gida ya san cewa kariyar daga soson take. Sai batun wuta: garwashi guda daga murhu ko kurfoti ya isa ya narkar da ita, kuma narkakkiyar roba manne wa fata take yi. Gidan da ake girki a fili dole a raba wurin wuta da wurinta da nisa.

Mai kyau takan yi kamar shekara 8 zuwa 10, mai arha kuma a ranarmu ba ta kaiwa haka kafin ta koɗe ta fara zuba. Idan ta mutu, ba ta ruɓewa. Ko a ƙona ta hayaƙin ya cika unguwa, ko a jefa ta kwata ta toshe hanyar ruwa, ko ta ƙare a kududdufi tare da ledojin da suka riga suka cika su.

Ƙasa ma tana da haƙƙinta

A ƙoƙarin raba yaro da ƙazanta kada a raba shi da ƙasa baki ɗaya. Tuwon ƙasa da ginin ɗaki da rairayi da zuba yashi a gwangwani su ne karatun farko na hannu da ƙwaƙwalwa. A nan yaro ke gane nauyi da laushi, jiƙaƙƙe da busasshe, cika da zubewa. Ciyawar roba iri ɗaya ce daga wannan gefe zuwa wancan, ba ta ginuwa, ba ta tonuwa. A Finlan, wani bincike da aka wallafa a 2020 ya bi yara 75 'yan shekara 3 zuwa 5. An kawo ƙasar daji da tsirrai harabar wasu gidajen rainon, kuma cikin kwana 28 aka ga alamun ingantuwar garkuwar jiki a yaran da suka yi wasa a ciki. Abin da ke cutarwa shi ne kashin dabba da na mutum da ke cikin ƙasar. Yashi mai tsafta da ake rufewa in an gama wasa alheri ne ga yaro.

Abin da ya fi dacewa da gidan birni

Idan aka haɗa waɗannan duka, matsayar a fili take. Mamaye tsakar gida da ciyawar roba, a manne ta da gam, kuskure ne a birnin Zariya. Ɗan yankin da za a ɗauke shi kamar tabarma, a shimfiɗa a inuwa da hantsi ko da la'asar, a naɗe, a wanke, a shanya a kan katanga, wannan yana iya amfani. Mita biyu a mita biyu sun ishi mai rarrafe. A nemi gajeren gashi domin sauƙin wanki, a sunsuna kafin a saya, a bar duk mai warin kalanzir ko mai zubar da launi in an goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle. Kafin a ajiye yaro, uwa ta ɗora bayan hannunta a kai ta ƙirga zuwa goma. In ta kasa jurewa, shi ma ba zai iya ba.

Amma ko wannan ba shi ne farkon abin kashe wa kuɗi ba. Magidancin da ke da abin da zai sayi naɗin ciyawa, ya fara da murfin rijiya mai makulli da rufe duk wani baho ko durom na ruwa, domin yaro yana iya halaka a ruwan da bai kai gwiwa ba. Sai ya yi wa kaji akurki, awaki turke a gefe. Sai ya gyara daɓe ya ba shi gangara. Sai inuwa: rumfar zana ko ta buhu a yau, darbejiya ko mangwaro ko gwaiba domin gobe, a dasa nesa da jikin gini. Sai ɗan akwatin yashi mai murfi. Idan an yi waɗannan, tabarmar kaba ko ledar ɗaki ma ta wadatar, kuma ciyawar roba ta zama ado ga mai so. Idan ba a yi su ba, ba abin da za ta gyara.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ya dace ta tilasta wa masu shigo da wannan kaya su nuna shaidar gwajin dalma. Makarantun nazare da Islamiyyun da suka shimfiɗa ta a fili su yi mata rumfa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sassan nazarin gine-gine da kimiyyar sinadarai da lafiyar al'umma a Samaru da Shika. Ɗalibanta za su iya ɗaukar ma'aunin zafi su auna daɓe da siminti da intaloki da ciyawar roba a gidajen birni cikin watan Afrilu, su gwada samfuran da ke kasuwa, su bayyana sakamakon da Hausa a rediyo. Masu unguwanni da limamai kuma su sa ido kan 'yan filayen da suka rage a unguwanni kada a gine su duka, domin mai rarrafen bana nan da shekara uku tsakar gida za ta yi masa kaɗan, zai nemi dandali, kuma haƙƙinsa ne ya same shi.